Akwatin da ke Ƙarƙashin Talabijin

Shekara da shekaru wani ɗan akwatin ƙarfe yana zaune a ƙarƙashin talabijin a falukanmu, yana ƙas-ƙas duk lokacin da wuta ta motsa. Sitabilaiza muke ce masa. Kowane rami da maɓalli da ke jikinsa yana da asali, kuma sanin asalin ne zai nuna mana inda yake da amfani a yau da inda ba zai hana mu asara ba.

Mu fara da ramin da aka rubuta wa 110. A 1882 Thomas Edison ya buɗe tashar wutar lantarki a titin Pearl na birnin New York, mai ƙarfin bolt 110. Amurka ba ta yi nisa da wannan ba, don yau tana kan 120, wutarta tana juyawa sau 60 a daƙiƙa. Turai ta zaɓi 220 zuwa 240 da juyi 50, mu kuma muka gada daga Ingila. Saboda haka rediyon da aka ƙera don gidan Ba'amurke, idan aka soka shi kai tsaye a bangon Kano, sai hayaƙi. Wannan ne dalilin ramin 110, shi ne kuma dalilin ɗan makunnin da ke bayan tsofaffin rediyoyi masu kaset.

Bambancin 50 da 60 kuwa ya shiga har cikin hoto. Injiniyoyin farko sun daidaita saurin hoton talabijin da juyin wutar ƙasarsu don kada layuka su riƙa yawo a fuskar allo. Daga baya Amurka ta hau tsarin NTSC, Nijeriya ta hau PAL, shi ya sa kaset ɗin bidiyo na can yake ƙin fitowa daidai a injin nan. Sitabilaiza ba ya taɓa wannan matsala, ƙarfin wuta kawai yake gyarawa.

A gida, Arewa ta samu talabijin a Kaduna a 1962, aka kammala madatsar Kainji a 1968, aka kafa NEPA a 1972. Da kuɗin Udoji suka shiga aljihun ma'aikata a tsakiyar shekarun 1970, gidaje suka cika da talabijin da firij da fanka. Unguwanni suka bunƙasa, taransifoma ɗaya ta ɗauki gidajen da suka fi ƙarfinta. Da magariba, lokacin da kowa ya kunna kayansa, sai ƙwan fitila ya yi ja, hoton talabijin mai ƙeya ya tsuke. A nan sitabilaiza ya samu gindin zama. A cikinsa akwai taransifoma mai matakai, da makunnan da ke tsallakawa daga mataki zuwa mataki don ɗaga wuta ko rage ta. Tsallaken nan ne ƙas-ƙas ɗin da muke ji.

Sai maɓallin jinkiri. Dogon jinkiri, kamar minti 3, don firij aka yi shi, saboda injinsa yana buƙatar iskar cikinsa ta lafa kafin ya sake tashi. Talabijin da kayan sauti gajeren jinkiri ya ishe su, na 'yan daƙiƙoƙi, har wutar da aka dawo da ita ta nutsu.

Sunan NEPA ya koma PHCN a 2005, aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, kuma kayan kallon ma sun canza. Mu duba bayan talabijin ɗin bango ko cajar dikoda: galibi za mu ga an rubuta 100 zuwa 240, da 50/60. Wato raunin wutar da ya addabi iyayenmu bai cika damun waɗannan ba. Abin da ke kashe su shi ne wutar da ta yi tsalle farat ɗaya: lokacin da aka dawo da ita, ko aka yi tsawa, ko wayar nutural ta tsinke a fal, har ƙarfin ya doshi 400. Makunnan sitabilaiza ba su da saurin tare tsallen tsawa, kuma 400 ya wuce iyakarsu.

Don haka gyaran da ya dace da yau daban ne. A sa na'urar da ke yanke wuta idan ta wuce iyaka, da soket mai tare tsallen wuta, a kuma san cewa soket ɗin yana gajiya, sai an riƙa sauya shi. A kira mai gyaran wuta ya tabbatar wayar ƙasa tana aiki. Idan hadari ya haɗu, a zare wayar eriya da ta dish tare da ta bango, domin tsawa ta kan biyo ta nan ma. Sitabilaiza kuwa a bar wa firij da amfilifaya mai nauyi, a kuma zaɓi wanda ƙarfinsa ya ɗara nauyin da za a ɗora masa.