Tuddan gaɓar Misisifi da sunayen da Faransawa suka bari

A watan Maris na 1699, ayarin kwalekwalen Faransawa ƙarƙashin Iberville ya yi kwana da kwanaki yana tuƙi gaba da ruwa a kogin Misisifi. Dama da hagu babu abin gani sai fadama da kurmi da laka. Can sai ƙasa ta ɗaga ta gefen gabas, kuma a bakin gaɓar suka hangi wani dogon itace a kafe, an sassabe rassansa, an shafe shi da ja, an rataya masa kawunan kifi da ƙasusuwan namun daji. Iyakar farauta ce tsakanin ƙabilar Huma da ta Bayagula. Baƙin suka kira wurin Baton Rouge, wato jan sanda, kuma sunan da babban birnin jihar Luwiziyana ke amsawa ke nan har gobe.

Ba banza ba tudu ya zama abin lura a wannan kogi. Daga inda kogin Ohayo ya zubo cikinsa har zuwa teku, Misisifi ya fi kilomita 1,500 yana murɗe-murɗe cikin shimfiɗaɗɗiyar fadama. Bana ya ci wannan gaɓa, baɗi ya koma waccan, tsibirin da matuƙi ya sani bara ya wayi gari babu shi. Abin da ba ya gusawa shi ne jerin tuddan gabas, waɗanda ƙurar da iska ta kwaso ta jibge dubban shekaru da suka wuce, kamar ƙurar hunturu amma mai kaurin mitoci da yawa. A 'yan wurare ƙalilan ne kawai ruwa ke goga jikinsu. A nan matafiyi ke samun busasshen wurin kwana, soja ya samu wurin girke igwa, ɗan kasuwa ya ajiye fatunsa ba fargabar ambaliya.

Faransawan suna ce wa irin wannan gaɓa mai tsayi écore, kuma kowane tudu sai sun liƙa masa wani abin tunawa. A 1682, lokacin da wani jagoran ayarin Faransawa, La Salle, ke gangarawa teku, maƙerin bindigarsa Pierre Prudhomme ya shiga daji farauta ya ɓace. Ayarin ya yada zango, aka kafa ɗan shinge a kan tudu ana nemansa, sai bayan kwanaki ya ɓullo a galabaice da yunwa. Daga nan wurin ya zama Écores à Prudhomme. Gaba kaɗan akwai tudun da jagoran Faransawa Bienville ya gina sansanin Assomption a 1739, lokacin yaƙinsa da ƙabilar Cikaso. A kansa aka kafa birnin Memfis a 1819.

A kogin Akansas kuwa, Bénard de la Harpe ya hau a 1722, da jita-jitar wani dutsen zumurrudu a kunnensa. Zumurrudu dai bai samu ba, sai wani ƙaton dutse a gaɓar arewa, wanda ya raɗa wa Le Rocher Français, dutsen Faransawa. Amma ƙanensa na gaɓar kudu ne ya yi suna, domin shi ke nuna mashigi mai sauƙin fito. Masu kwalekwale suka riƙa kiransa La Petite Roche, ƙaramin dutse, daga baya masu jin Ingilishi suka juya shi zuwa Little Rock. Can arewa, a jihar Wiskonsin, wani tsauni da ruwa ya kewaye ya samu laƙabin dutsen da ke jiƙe a ruwa, bakin jama'a ya tauna kalmomin har suka koma Trempealeau.

Sai dai duk tudun da baƙo ya ga ya yi masa, akwai mai shi tun fil azal. A 1716 Bienville ya gina sansanin Rosalie a kan gaɓar ƙabilar Nacez, mai tsayin kusan mita 60, ya sa masa sunan matar ministan jiragen ruwan Faransa. Aka zauna ana ciniki ana 'yar tsama, har kwamandan sansanin, Chépart, ya ce mutanen wani ƙauye su tashi ya yi gandu a filinsu. Ranar 28 ga Nuwamba 1729 Nacez suka shigo kamar masu kawo kaya, suka far wa sansanin, suka kashe Faransawa fiye da 200. Ramuwar ta fi ta gayya: Faransawa suka haɗa kai da ƙabilar Cokto, suka tarwatsa Nacez, suka sayar da ɗaruruwansu bayi a ƙasar da yanzu ake kira Haiti. Birnin da ke kan tudun a yau sunan waɗanda aka kora yake ɗauke da shi.

Mulkin Faransa bai yi ƙarko ba. A 1763 gaɓar gabas ta faɗa hannun Ingila, ta yamma kuma Sifaniya ta karɓe ta. Nafoliyon ya dawo wa Faransa da ta yamman, sannan ya sayar wa Amurka a 1803 kan dala miliyan 15. Sababbin masu ƙasa sun shafe wasu sunayen, kamar Écore à Fabri na kogin Washita da ya koma Camden. Wasu kuma sun gagara, domin matuƙan jirage sun riga sun haddace su.

Su kansu duwatsun ba su tsira ba. An fasa babban sashe na La Petite Roche a ƙarni na 19 don aikin gadar jirgin ƙasa, ragowarsa na nan a gindin gadar. A Baton Rouge kuwa, jan sandan asali ya daɗe da ruɓewa, sai wani na tunawa da aka kafa a harabar jami'ar Southern, a kan tudun da ke kallon kogin.