Maleji, wili da lambar da ke jikin taya

A tashar Fulatan, ko ta Rogo ranar kasuwa, idan aka ce direba ya ƙure maleji kowa ya san gudu ake nufi. Idan kuma mai son sayen mota ya leƙa ta taga ya ce malejinta ya yi nisa, tafiyar da ta sha a rayuwarta yake nufi. Kalma ɗaya ce take ɗauke da abu biyu: allurar da ke nuna gudu, da 'yan lambobin da ke ƙasanta masu ƙirga nisan tafiya. Asalinta daga Turanci ne, daga kalmar da ke nufin yawan mil ɗin da mota ta ci, wato da fari sunan lambobin ne, daga baya ya haɗiye allurar. Mil kuwa an daina awo da shi a hanyoyin Nijeriya tun shekarun 1970, aka koma kilomita, sai dai ya bar sawunsa a baki, kamar yadda ya bar shi a sunan Mil Tara da ke hanyar Katsina in za a fita Kano.

Haɗe su da aka yi a suna ɗaya bai kauce wa gaskiyar aikinsu ba, domin tushensu ɗaya ne. Maleji bai san hanya ba, juyin taya kawai yake ƙirgawa. A tsohuwar a-kori-kura, irin Peugeot 404 da 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin a 1975, waya ce take juyawa daga giya zuwa bayan allura. A sababbin Hilux na'ura ce ke aika ƙirgen zuwa ƙwaƙwalwar mota. Ko ta wace hanya, tun daga kamfani an riga an yanke cewa juyi ɗaya na taya daidai yake da nisa kaza.

A-kori-kura suna ne mai ƙirar umarni, ɗan'uwan a-ci-bal-bal da a-daidaita-sahu, kuma ya zauna wa motar da ke shiga daji da lungu. Aikinta a ƙasar Ƙaraye da Rogo shi ke sa a sauya mata taya. Mai ɗaukar masara, dawa ko rake a kan burji, da damina ga taɓo ga zaizaya, yana son cikin motarsa ya ɗaga daga ƙasa. Sai ya nufi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko wurin mai faci ya ce a ba shi babba.

A nan ne sunan da muke kiran taya da shi yake ɓoye matsalar. Muna cewa taya sha huɗu, taya sha biyar, sha shida. Wannan lamba ta wili ce, tsayinsa da inci, ba ta faɗi tsayin robar da ke kewaye da shi ba. Cikakken sunan taya yana rubuce a gefenta. A ɗauki 185R14C. Lamba 185 faɗin tayar ne da milimita, harafin R yana nuna irin saƙar cikinta, 14 wili ne, C kuma alamar tayar ɗaukar kaya ce. Inda aka ga lamba biyu da sanda a tsakani, kamar 265/65R17, ta biyun tana faɗin tsayin gefen taya a matsayin kashi cikin ɗari na faɗinta. Don haka tayoyi biyu da mai faci zai kira sha biyar suna iya bambanta a tsayi ƙwarai, wata sha shida ma ta fi wata sha bakwai tsayi.

Ga lissafin. Taya 185R14C tsayinta kusan milimita 652 ne, 195R15C kuwa kusan 693. Kowane juyi na babbar yana ƙara wajen santimita 13 a ƙasa, abin da ya haura kashi 6 cikin 100 kaɗan. Allurar da a da take faɗin gaskiya, yanzu in ta nuna 80 motar tana kan 85, in ta nuna 100 tana kan 106. Ƙa'idar da Turai da ƙasashe da yawa ke bi ta hana a ƙera maleji mai nuna ƙasa da gudun gaskiya, shi ya sa kamfanoni ke barin allura ta ɗan zarce. Babbar taya tana cinye wannan rarar, wani lokaci ta wuce. Abin da ke damuna shi ne motar da ke ɗauke da buhuna da mutane a samansu, birkinta na jan taya mafi girma, direbanta kuma ya yarda da allurar da ke rage masa gudu. Lambobin ƙasa ma suna rage tafiya, sai juyen baƙin mai ya makara, lissafin man da aka sha ya karkace. Akwai wata rikitar daban ga motocin da aka shigo da su daga Amurka: manyan lambobinsu mil ne, 60 a can ta kusa kilomita 97.

Shi kansa aikin daidaita maleji da babbar taya ba shi da tsayayyen suna a gareji. In ka ce a gyara maleji, bakanike zai duba ko waya ta tsinke. In ka ce a taɓa shi ko a juya shi, ana iya zaton irin aikin dillalan da ke mayar da lambobi baya kake so, wanda ha'inci ne. Kalmar da ta fi dacewa ita ce saiti: a saita maleji da sabuwar taya. A tsohuwar mota ana sauya ɗan ƙaramin giyan da ke juya wayar da wani mai adadin haƙora daban. A sabuwa mai wayarin ne zai jona kwamfuta ya shigar da girman tayar, in motar ta yarda, ko ya sa wata 'yar na'ura a tsakani. Motocin haya da hukumar kiyaye haɗura ta tilasta wa sanya na'urar ƙayyade gudu tun 1 ga Fabrairu 2017 suna buƙatar wannan saiti fiye da kowa, in daga wannan ƙirge na'urar ke karanta gudu.

Wanda bai da kuɗin saiti yana iya ɗaukar yaron mota da waya mai nuna gudu ta tauraron ɗan'adam, su hau kwalta miƙaƙƙiya, direba ya tsayar da allura a kan 60, sannan 80, yaron yana faɗin abin da waya ta nuna, a rubuta a manna kusa da sitiyari.