Daga Ludayi Zuwa Tsinken Roba

A zamanin da, tun kafin leda ta mamaye kasuwannin Makarfi da Ikara da Hunƙuyi ta ƙasar Kudan, duk wanda ƙishirwa ta kama shi, sai ya nufi inuwar da matan Fulani suke zaune, a dama masa fura a ƙwarya, a miƙa masa ludayin duma, wanda in ya tsage a ɗinke, in ya ƙi ɗinkuwa a yar, ƙasa ta cinye. Alhali kuwa babu wata hukuma da ta taɓa shar'anta haka. Al'ada ce kurum, da wadatar duma a gonaki.

Da roba ta zo da arharta, sai masassaƙa ƙorai suka ga sana'arsu tana ja da baya, magudanan ruwa kuma suka toshe.

Daga bisani al'amarin ya kai gaban mahukunta. A watan Yuni na 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta haramta robar da ake amfani da ita sau ɗaya a ma'aikatun gwamnatin tarayya, amma a Amurka, cikin Fabrairu na 2025, Shugaba Trump ya umarci ofisoshin gwamnati su daina sayen tsinken zuƙar abin sha na takarda, madadin na roba, wai don yana jiƙewa. A ganina, hujjar ta yi rauni ƙwarai.