Yadda Magarya da Dungas suka faɗo ɓangaren Nijar

Ƴan uwa matasa, a cikinmu da wuya a samu wanda ba shi da dangi a tsallaken iyaka. Wani gwaggonsa na Baure, wani kawunsa na Babura, wani kuma duk ranar Alhamis sai ya bi ta Adare ya ci kasuwar Maigatari. Harshe ɗaya, alƙibla ɗaya, tuwo ɗaya. Amma mu a lakwal faransanci aka koya mana, su kuma ingilishi. Mu sefa, su naira. To wa ya ja wannan layi, kuma me ya sa ya bi ta kudu da Magarya maimakon ya bi ta arewa da ita? Amsar tana kai mutum nesa ƙwarai, har bakin tekun Kanada.

Mu fara da abin da Nasara suka tarar. Bayan tashin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1804, birnin Daura ya faɗa hannun masu jihadi, Sarkin Gwari Abdu ya fice da mutanensa. Zuriyar gidan nan ce ta zauna a Zango da Baure, kuma daga wannan gida sarautar Magarya ta fito. Dungas kuwa tana cikin ƙasashen Sosebaki, tare da Miriya da Washa. A cikin ƙarni na 19 duk waɗannan sun koma ƙarƙashin Damagaram, musamman zamanin Sarki Tanimu, wanda ya ƙarfafa ganuwar birni, ya tara bindigogi da igwa, ya rasu a 1884. A wancan zamani idan ana son sanin ina gari yake, sai a tambaya: wa kuke bi, ina kuke kai gaisuwa da haraji? Mutane ake mulka, daji kuwa na tsakani ne. Gari na iya sake ubangida idan ƙarfi ya juya.

A shekarar da Tanimu ya rasu, cikin watan Nuwamba, aka buɗe taron Barlin a Jamus, Bismak na jagora, aka watse a Fabrairun 1885. Ƙasashe 14 suka zauna, har da Amurka da daular Usmaniyya ta Turkiyya, babu wakilin Afirka ko ɗaya. A aji an saba ce mana a wurin ne aka yanka Afirka kamar waina. Gaskiyar ita ce ba a zana iyakar Nijar a Barlin ba. Abin da aka fitar ƙa'idojin wasoso ne: wanda ya kama wuri a gaɓar teku ya sanar da sauran, ya kuma nuna yana da iko a wurin. Wannan ya sa kowa ya zabura. Yankan kansa daga baya aka yi ta yin shi, ƙasa biyu-biyu, a Landan da Paris.

Namu ya ɗauki shekara ashirin. A Agustan 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi a bakin kogin Kwara zuwa Baruwa a bakin tafkin Cadi, alhali a cikin masu sa hannu babu wanda ya taɓa taka ƙasar. Kudu na Ingila, arewa na Faransa. Firaministan Ingila na lokacin, Salisbiri, har ba'a ya yi, wai rairayi aka bar wa Faransa ta yi ta tono.

Ranar 14 ga Yuni 1898 suka sake zama. Wannan karo sai aka kafa tsinin komfa a kan birnin Sakkwato, aka zana baka mai faɗin mil 100, wajen kilomita 160 ke nan, duk abin da ke ciki na Ingila ne. Daga nan layin ya bi gabas, ya sauko kudu zuwa digiri 13 da minti 20, ya miƙe ɗoɗar har mil 250. Ku buɗe taswira a wayarku ku duba. Magarya tana kan digiri 13 ne kusan daidai, Dungas ta ɗan ɗara kaɗan. Layin 1898 ya ratsa kusan kilomita 40 arewa da garin Magarya, tsakanin Bande da Dogo. Wato a kan takarda, daga 1898 zuwa 1904, Magarya da Dungas da Yekuwa da Sasumburum rabon Ingila ne. Haka ma Maraɗi da Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi. Ranar da na fara gane wannan sai da na sake aunawa sau biyu.

To me ya sake lissafin? Ruwa. Faransa na son haɗa mallakarta ta yamma da tafkin Cadi, amma hanyar da bakan Sakkwato ya bar mata ta bi ta ƙasar da rijiyoyinta ke nesa da juna. Rundunar Bule da Shanuwan, wadda ta taso a farkon 1899, ta kutsa cikin rabon Ingila tana neman ruwa da abinci, tana ƙone garuruwa. Kisan da ta yi a Birnin Ƙonni cikin watan Mayu har yau ba a manta da shi ba. Ragowar rundunar ce ta gwabza da Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga a Tirmini a ƙarshen Yulin 1899, ta shiga birni, tana cewa ramuwar kisan kyaftin Kazamaju ta zo yi, wanda aka kashe a Damagaram a 1898. Faransawa sun kama Damagaram, amma ayarin da zai kawo musu kaya daga Kwara sai ya yi zagaye cikin ƙishirwa, ko kuwa ya roƙi Ingila izinin ratsawa. Ingilishi kuma suka ci Kano a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris.

Sai siyasar Turai ta juya. Ingila da Faransa sun kusa yaƙi a Fashoda ta Sudan a 1898, amma ƙarfin Jamus da ke ƙaruwa ya sa suka ga gara su shirya. Ranar 8 ga Afrilu 1904 suka sa hannu a kan yarjejeniyar da ake kira Entente cordiale, suka baje duk rigingimunsu a faifai ɗaya: Faransa ta sakar wa Ingila Masar, Ingila ta kau da kai daga Maroko. A cikin rigingimun akwai wata tsohuwa. Tun 1713 masuntan Faransa ke da haƙƙin kamun kifi da shanya shi a wata gaɓa ta tsibirin Newfoundland, wanda Faransawa ke kira Terre-Neuve, yau yana cikin Kanada. Faransa ta haƙura da haƙƙinta na wannan gaɓa. Ladan da aka ba ta a Afirka ta Yamma yake: tsibiran Los da ke gaban Konakiri, wani yanki a kan kogin Gambiya, da kuma tura iyakarmu zuwa kudu domin ta samu hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Damagaram har Cadi.

A cikin yarjejeniyar an sa wani sharaɗi da ya shafe mu kai tsaye: wajen kafa iyakar a yi la'akari da yadda sarautun ƙasa suke, mutanen da ke bin Tasawa da Maraɗi da Damagaram a bar wa Faransa su gwargwadon iko. Kun ga inda tsohuwar tambayar nan ta "wa kuke bi?" ta dawo ta shiga takardar Nasara. Harajin da Magarya da Dungas suka riƙa kai wa Damagaram shi ya zama hujjar Faransa. Sai dai kalmar "gwargwadon iko" ƙofa ce a buɗe. Zango da Baure su ma sun bi Damagaram, amma suka faɗa ɓangaren Ingila, har Ingilishi suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka mayar da shi gadon sarautar Daura. Gida ɗaya, an raba shi biyu. A ganina a nan ne zaluncin ya fi fitowa fili, don ƙa'idar da suka rubuta da hannunsu ma ba su bi ta duka ba.

An tabbatar da sabon layin a Landan a Mayun 1906. Daga nan kyaftin Tilho na Faransa da manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa har 1908, suna tambayar masu gari, suna kafa alamu, guda 148 daga Kwara zuwa Cadi. A 1910 gwamnatocin biyu suka amince.

Kakanninmu ba su tsaya kallon layin ba, sun yi amfani da shi. Idan lanho ya yi nauyi, ko komandan ya aiko a ɗebi samari aikin tilas ko soja, sai magidanci ya ɗaure kayansa da dare ya tsallaka kudu. Ba a soke aikin tilas a ƙasashen Faransa ba sai 1946. Gyaɗar Magarya kuwa, da ta zama arzikin yankin, hanyarta mafi kusa Kano ce, inda jirgin ƙasa ya iso tun 1911. Wani Ba'amurke mai suna William Miles ya zauna a Yekuwa da maƙwabciyarta Yardaji ta ƙasar Daura, ya rubuta littafi a 1994 kan yadda mulkin Faransa da na Ingila suka bambanta ƙauyukan biyu, tun daga ƙarfin sarakuna har zuwa makaranta. Mai jin ingilishi a cikinku ya neme shi, labarin gidanmu ne.

Da aka samu ƴancin kai a 1960 an yi ta muhawara ko a goge layukan. Shugabannin Afirka suka taru a Alƙahira a 1964, suka yanke cewa kowa ya riƙe iyakar da ya gada, don gudun yaƙe-yaƙe. Ina jin dalilinsu, ko da yake mu na bakin iyaka mu ke biyan kuɗin. An rufe ta a 1984, daidai lokacin fari, sai 1986 aka buɗe. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Kowannenmu ya tuna yadda farashin tiya ya tashi a kasuwar Magarya a watannin nan, da yadda masu babura suka koma bin hanyoyin gona da dare don kai tsohuwa gaisuwar mutuwa a garin da ana hango bishiyoyinsa daga Tinkim.