Jarida a Matsayin Hujja: Raddi Kan Mas'alar Kasuwannin Gurara

Wani malami daga cikin masu duba kundayen ɗalibai a fannin nazarin kasuwanci ya tsaya kai da fata a kan cewa jarida ba ta isa hujja ba, kuma duk wanda ya jingina bahasinsa da ita, maimakon mujallun ilimi da rahotannin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, to, a kan jita-jita ya yi gini. Asalin wannan ƙa'ida sananne ne ga ma'abota fannin. Abin da nake ja da shi kawai shi ne mai da ita hukunci na bai ɗaya.

Domin kuwa wanda ya ƙuduri nazarin cinikin doya da hatsi a Izom da ke yankin Gurara, ko yadda kuɗin mota tsakanin Suleja da Lambata ya sauya bayan janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, in ya buɗe rahoton hukumar, galibi matsakaicin farashi na jihar Neja baki ɗaya zai tarar, wanda ya haɗa Izom da Bida da Kontagora a ma'auni guda, alhali kuwa maƙwabtaka da Abuja ta sa kasuwannin Gurara suna da nasu hali. A irin wannan muhalli, la'alla ɗan rahoton wakilin jarida da ya tsaya gaban 'yan awo ya tambayi kuɗin mudu shi kaɗai ne rubutacciyar shaidar da za ta saura.

Hujjar malamin mafi ƙarfi, wadda ba ta rainuwa, ita ce saɓanin alƙaluma. Ya kafa misali da gobarar tankar mai a mahaɗar Dikko ranar 18 ga Janairu 2025, inda adadin waɗanda suka rasu, Allah ya jiƙansu, ya yi ta hawa daga bugu zuwa bugu. Haka aka yi. Amma wannan, a ganina, dalili ne na wajabta ambaton ranar bugu da sunan wakili, ba na haramta jaridar ba. Malaman hadisi ba su zubar da riwaya don maruwaita sun saɓa ba, sai suka koma ga isnadi: wa ya ji, daga wa, kuma yaushe. Haka ya kamaci ɗalibi ya bambance wakilin da ya gane wa idonsa da wanda ya kwafo sanarwar kamfani, ya kuma lura cewa jaridu goma da suka ɗauko labari guda daga Kamfanin Dillancin Labarai na Nijeriya ba tawaturi ba ne, riwayar mutum ɗaya ce.

Sai dai a nan wajibi ne in taƙaita da'awata. Jarida tana tabbatar da abin da aka faɗa a rana kaza, a wuri kaza. Ba ta tabbatar da cewa a kan haka aka saya aka sayar, tunda kuɗin da mai kaya ya yanka wa baƙo daban yake da wanda yake sallamawa bayan tayi da albarka. Saboda haka bai halatta a jera irin waɗannan alƙaluma a fitar da lissafin hauhawar farashi ba, sai an gwama su da littafin dillali ko shaidar Sarkin Kasuwa.