Wa'adin Ƙarar Neman Diyya ga Waɗanda Aka Ci Zarafinsu Suna Ƙanana: Nazari daga Beri, Masarautar Kontagora

Tsakure

Maƙalar ta auna wa'adin da dokokin ƙasa suke gindaya wa mai neman diyya da ma'aunin fiƙihun Malikiyya, ta kuma nuna cewa ɗage wa'adin nan ga wanda aka yi wa fyaɗe yana yaro yana da asali a littattafan da malaman ƙasar nan suka daɗe suna karantarwa.

Asalin wa'adi

Da yake dokokin Ingila na gama-gari waɗanda ke aiki ran 1 ga Janairu, 1900 su ne Turawa suka shimfiɗa wa kotunansu a Arewa, sai muka gaji dokar 1623, wadda ta ba wanda aka taɓa jikinsa da zalunci shekara huɗu ya kai ƙara, ko da yake ta dakatar da lissafi ga yaro har ya cika shekara 21. Dokokin jihohi sun bi sawunta da shekaru 'yan kaɗan, kuma Kotun Ƙoli ta bayyana a shari'ar Egbe da Adefarasin, 1987, cewa in wa'adi ya shuɗe, haƙƙi yana nan amma ƙofar nemansa ta rufe. Mafi tsanani ita ce dokar kare ma'aikatan hukuma, mai wata uku kacal, wadda nassinta bai ambaci ƙuruciya ba. Kuma ko da yake ba ta kare mai ɓarna a wajen haddin aikinsa, ma'aikatar da aka tuhuma da sakaci wajen tsaron ɗalibai tana iya fakewa da ita, tun da kotun ta shigar da hukumomi cikinta a shari'ar Ibrahim da Hukumar Ma'aikatan Shari'a ta Kaduna, 1998.

Halin da ake ciki

A ƙaddara yarinya 'yar shekara tara a Beri, wadda wani babba na gida ko na makaranta ya keta mata haddi. In ma ta faɗa wa uwarta, galibi maganar ba ta wuce zauren mai unguwa, inda dattawa za su zauna bayan sallar isha'i, a tsawata wa mai laifi, a karɓi ɗan kuɗin magani, a ce a rufa asiri kada ta rasa mijin aure. Uban kuwa, wanda shi ne waliyyin da zai tsaya mata, ga kunyar dangi, ga kuɗin lauya da na mota zuwa Kontagora ko Minna, ga fitinar 'yan bindiga da ta hana noma, sai ya ce ya bar wa Allah. Kafin ta mallaki bakinta ta yi aure ta haihu. Jinkirin nan kuwa ba na ƙauye kaɗai ba ne, domin wata hukumar binciken cin zarafin yara ta Ostareliya, a rahotonta na 2017, ta samu cewa waɗanda suka ba ta shaida sun ɗauki kimanin shekara 24 kafin su furta. Saboda irin wannan ne Sikotland ta soke wa'adin a 2017, jihar New York kuma ta kai shi shekara 55 na haihuwa a 2019.

Mahangar Malikiyya

Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abdulmalik ɗan Marwan ya hukunta wa matar da aka tilasta sadakinta a kan wanda ya tilasta ta, Malik ɗin ma ya tafi a kan cewa sadakin misli ya wajaba, budurwa ce ko bazawara, ga kuma haddi a kan mai laifin. Ke nan haƙƙi ne na dukiya a wuyan mai laifi. Abin da ya fi kusa da wa'adi a mazhabar shi ne hauzi, wato shekara goma na riƙon gida ko gona, amma Mukhtasar na Halilu ya sharɗanta mai haƙƙi ya kasance yana nan, ya yi shiru, ba tare da wani abin da ya hana shi magana ba, masu sharhi kuwa sun lissafa ƙuruciya da tsoron mai ƙarfi cikin uzurai. To, idan fuƙaha'u ba su ɗauki shirun mai tsoro hujja a kan gona ba, ina ga mutuncin yarinya?

Sai dai a faɗi gaskiya, matsalar tana ɓangaren shaida, domin mazhabar tana neman alama ta kusa, kamar ta zo tana jini ko tana kururuwa, kuma wadda ta ambaci mutum bayan shekara ashirin ba da hujja ba tana iya fuskantar tuhumar ƙazafi. Don haka nake ganin babbar kotu ta fi kotun shari'ar Musulunci dacewa da tsohuwar da'awa, musamman da yake ƙa'idojin kare haƙƙin ɗan Adam na 2009 sun ce babu dokar wa'adi da ke taɓa irin ƙararrakinsu, sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 kuma ya tsare mutuncin mutum. Abin da ya rage ga Majalisar Dokokin Jihar Neja shi ne ta fitar da wannan nau'in ƙara daga kowane wa'adi da nassi bayyananne, ta haɗa da na wata ukun, ta bar wa alƙali ikon korar da'awar da tsufanta ya sa wanda ake ƙara ba shi da halin kare kansa, kamar yadda dokar Sikotland ta tanada.