Abincin Indiya a Birtaniya

A shekarar 1810 ne wani ɗan Indiya, Sake Dean Mahomed, ya buɗe gidan sayar da abincin Indiya na farko a birnin London. Kasuwa ba ta karɓe shi ba, a 1812 jarinsa ya karye.

Harkar ta bunƙasa ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da baƙi daga kudancin Asiya suka riƙa kwarara zuwa Birtaniya. Akasarin gidajen da ake kira na Indiya, mallakar 'yan Bangladesh ne, musamman daga yankin Sylhet. Sun rage yaji, sun ƙara romo, domin dacewa da bakin Turawa.

A 2001 sakataren harkokin wajen Birtaniya na lokacin, Robin Cook, ya bayyana tikka masala, wato gasasshiyar kaza a miyar tumatir, a matsayin abincin ƙasa. A shekarar ce kuma gidajen Tamarind da Zaika suka sami lambar yabo ta Michelin.

Daga baya girke-girken Kerala da Goa da Gujarat sun samu karɓuwa. Sai dai masu gidajen sun daɗe suna kokawa cewa tsauraran dokokin shige da fice sun janyo ƙarancin ƙwararrun kuku, har wasu gidajen suka rufe.